Nutso a tafiyar jirgin ruwa: a Aƙaba kar ka sayi na jirgi

Wa alaikumus salam ƙanena. Ka tambaye ni wane nutso za ka zaɓa a tafiyarku ta jirgin yawo a Bahar Maliya. Tsakanin nutson da kamfanin jirgin yawo ke sayarwa da wanda za ka shirya da kanka da shagon nutso na bakin teku, na shago za ka ɗauka, tunda jirginku daga Jidda zai yini a Aƙaba ta ƙasar Jodan kuma kana da katinka na Open Water, wato shaidar matakin farko na horon nutso. Sharm el-Sheikh ta Masar maganarta daban ce, zan zo kanta.

Na jirgi sau ɗaya na taɓa saya, har yau in na tuna kuɗin sai raina ya sosu. Aka loda mu a bas kamar trotro, motar hayar unguwar Madina ta Accra, da yamma, aka ɓata awa guda ana gwada wa mutane rigar roba, muka shiga ruwa da tukunyar iska guda kowannenmu, ba a jima ba iskar wani bawan Allah ta kusa ƙarewa, dole dukkanmu muka fito. Daga baya na gane kamfanin jirgin ba shi da malamin nutso ko ɗaya a wurin, shagon gari ya ba kwangila ya ɗora ribarsa a kai. Alherinsa ɗaya ne, ba zan ɓoye ba: in motarsu ta makara jirgi zai jira ku, in kuwa kai kaɗai ka makara, sai dai ka ɗaga masa hannu daga bakin tasha.

Ran da na yi nawa shirin a Aƙaba kuwa, wani dattijo ne ya zo da ƙaramar motarsa ya ɗauke ni a ƙofar tasha. Mun yi mako uku muna rubutu da shi tun ina Nima, unguwarmu a Accra. Kafin komai ya zaunar da ni, ya zuba mini shayi, ya karɓi katina da littafin da nake rubuta nutsona ya duba. Da ya ga na fi shekara ban shiga ruwa ba, sai ya ce ba inda za mu sai na cire madubin fuska a ruwa mai kai ƙirji na mayar, na kuma fitar da bakin shaƙa na nemo shi. Na ɗan ji haushi a lokacin, amma hannuna na rawa na yi na farkon. Shi ne ma ya kalli gashin bakina ya yi dariya, ya ce da wannan ruwa ba zai daina shiga madubina ba, ya shafa mini ɗan mai a ƙasan hanci. Kai ma da naka gashin bakin, ka rage na ƙarƙashin hanci kafin ka tafi.

Abin da ya sa Aƙaba ta dace da fasinjan jirgi shi ne yawancin wuraren nutsonta da ƙafa ake shigarsu daga gaɓa. Babu jiran kwalekwale, babu fargabar inji ya mutu a tsakiyar teku kana kallon agogo. Daga tasha zuwa gaɓar kudu tafiyar ba ta kai rabin awa a mota ba. Mu uku ne kacal da shi. Na farko ya kai mu Cedar Pride, jirgin dakon kaya na Lebanon da aka nutsar da gangan a 1985 don murjani ya kama shi. Yana kwance a gefensa, ƙasansa ya wuce mita 25, amma samansa bai fi kamar mita 10 ba, don haka mai kati irin naka da iyakarsa mita 18 zai gan shi sarai ba tare da ya karya doka ba. Na taso ina wanka a bakin tekun Labadi, inda ruwa ke ɓoye maka ƙafarka, sai ga ni ina hango jirgi sukutum tun daga nesa. Na biyu a wajen tankar yaƙin nan da ke kamar mita 6 muka ƙare. Nan ne wurin Hajiya da za ku tafi tare. Tunda ba ta da kati, nutson gwaji za a yi mata, malami na riƙe da ita, kuma dokarsa ba a wuce mita 12. Ka tambaye su tun yanzu ko suna da malama mace, kar sai kun isa. Kafin la'asar ina cikin jirgi, na yi wanka, kuɗin kuma bai kai wanda na biya a bas ɗin nan ba, ga nutso biyu cikakku.

A Sharm kuwa, in zuciyarka na kan Ras Mohammed, gandun teku da Masar ta keɓe tun 1983, kwalekwalen da ke zuwa can yini suke yi, kuma ba don jirginka za su juyo da sauran fasinjoji ba. Nan kam ko ka haƙura ka biya na jirgi, ko ka yi nutson gaɓa kusa da gari. Thistlegorm, jirgin Ingila da aka nutsar a 1941, cire shi daga ranka: yana wajen mita 30, ya fi ƙarfin katinka, kuma da asuba ake fita.

Sai agogo. Jirgi da lokacinsa yake aiki, kuma ana so kowa ya shiga kamar rabin awa kafin tashi. Saudiyya da Jodan lokacinsu ɗaya, amma da sanyi Masar tana bayansu da awa guda, wayarka kuma da ta kama layin gari za ta sauya da kanta ba ta gaya maka ba. Ka ɗaura agogon hannu na gargajiya, ka saita shi da abin da aka rubuta a ƙofar fita. Ka gaya wa shago lokacin dawowarka ka rage awa biyu a kan na gaskiya.

Agogo na biyu na jikinka ne. A ƙarƙashin ruwa jini yana shan naitirojin, kuma in matsin iska ya ragu da sauri sai ya yi kumfa kamar an buɗe kwalbar lemo, ya kama gaɓoɓi ko laka. Ƙa'idar DAN, ƙungiyar kula da lafiyar masu nutso, ita ce aƙalla awa 12 kafin hawa jirgin sama bayan nutso ɗaya, awa 18 in ka yi fiye da ɗaya. Ni kwana guda cur nake bari. Hawa dutse ma haka yake. Kar ka yi nutso da safe ka ce da rana za ka Petra, hanyar tana haura sama da mita 1,000. Haka Dutsen Sina'i, haka Ɗa'ifa in ka koma Saudiyya. Ka duba ranar tikitinka na dawowa Accra kafin ka sa ranar nutso ta ƙarshe.

Ba ka tambaya ba amma zan faɗa. 'Yan sakawa, masu damfara ta intanet, sun shiga wannan harkar ma. Duk wanda ya ce maka shi ejan ne a nan Accra, ka tura masa sidi ta momo, wato kuɗin waya, zai kama maka wuri a Bahar Maliya, rufe wayarka. Shagon kirki yana da lamba a wajen PADI ko SSI, ƙungiyoyin da ke horar da masu nutso su ba da kati, kuma za ka iya neman sunansa a jerinsu da kanka. A Masar ka ƙara da tambayar lasisin CDWS, hukumar da ke kula da harkar nutso a can. A ƙofar tasha ma akwai masu tare mutane da hotuna a leda suna karya farashi. Gwajinsu mai sauƙi ne: wanda bai nemi ganin katinka ba, bai ba ka takardar tambayoyin lafiya ba, ba ruwansa da ranka. Kafin ka goya tukunyar iska, duba hatimin ranar gwajinta a kafaɗarta, ka ɗan buɗe ka shinshina. In ka ji warin mai ko hayaƙi, a canza. Agogon matsin iskarta ya nuna kusan bar 200, kuma da ya sauko 50 ana hanyar fita.

Takardar lafiyar nan kuma kar a cika ta da kunya. Asma, ciwon zuciya, sikila, juna biyu, duk sai an faɗa, wasu ma sun hana nutso gaba ɗaya. In akwai abin da za ka amsa da e, ga likita a nan gida ya sa hannu kafin ka tashi. Mai mura kuma kunnensa ba ya buɗewa a ƙasa, ranar sai haƙuri.

Kaya kar ka saya, na haya ya isa, ban da madubin fuska. Nawa shekara shida ke nan yana tare da ni. Na kasuwar Kantamanto da na fara saya da arha robarsa ta bushe, ya yi ta yoyo. In za ka saya, ɗora shi a fuska ba igiya, ka ja numfashi ta hanci. In ya manne, naka ne. In kana so ka fara gwada nawa, ka biyo ta Nima bayan sallar Juma'a.