Mako shida da kunkurun teku a Watamu: abin da na biya da abin da na samu

Kafin wannan tafiya, ruwa mafi girma da na taɓa yin aiki a bakinsa shi ne dam ɗin Kubanni na jami'armu a Samaru, inda muke ɗibar ruwa a kwalba mu kai ɗakin gwaji. Ina aji uku a sashen nazarin dabbobi na ci karo da wani kamfani a intanet mai tura ɗalibai aikin sa-kai a cibiyoyin kare halittun teku. Na zaɓi Watamu, a gaɓar Kenya kusa da Malindi. Baba ya sayar da buhunan masararsa, Kawu ya cika sauran.

Cibiyar da aka kai ni, ba ni da abin faɗa a kanta sai alheri. Tun 1968 aka keɓe ruwan Watamu a matsayin gandun halittun teku, kuma masuntan yankin sun saba: idan kunkuru ya faɗa musu a raga sai su kira waya. Da Suwahili sunansa "kasa", wadda a wurinmu macijiya ce. Kwana na uku aka kira mu. Wani dattijo, kowa Mzee yake ce masa, ya ɗauko kunkurun daga cikin kwale-kwale ya lulluɓe masa ido da jiƙaƙƙen tsumma, nan take ya daina fizge-fizge. Aka miƙo mini tef na auna ƙoƙon bayansa tsawo da faɗi, muka ɗora shi a sikeli, ma'aikaciyar da ke koya mana ta riƙe hannuna na maƙala masa lambar ƙarfe a hannun gaba. Da muka sauke shi a bakin ruwa, sau biyu ya buga hannuwansa ya ɓace. Na daɗe tsaye a wurin.

Sintirin dare ya fi komai shiga raina. Ba a haska farar tocila, sai ja, don farin haske na iya sa macen ta fasa ƙwai ta koma ruwa. Takan haƙa rami da ƙafafun baya ta zuba ƙwai ɗari ko fiye, su yi kamar wata biyu kafin su ƙyanƙyashe. Zafin yashin ne ke yanke ko maza za su fito ko mata. In ya yi yawa, mata su rinjaya. Na haddace wannan don jarrabawa a Samaru, amma sai da na durƙusa kusa da ramin da asuba na gane me ɗumamar yanayi ke nufi ga wannan dabba. Mun kuma dasa itatuwan mikoko, masu tsirowa a ruwan gishiri, a mashigin Mida, cikin taɓo har gwiwa.

Abinci bai ba ni wahala ba. Ugali ɗan'uwan tuwon masara ne, ga kifi, ga shinkafa da kwakwa, masallaci kuma kusa.

Kamfanin da ya karɓi kuɗina shi ne ya ɓata mini rai. Sun rubuto cewa kuɗin ya haɗa komai. Na sauka Mombasa babu wanda ya zo tarbata, na shiga motar haya, tafiyar da ta haura awa biyu, da kuɗin aljihuna. Kuɗin shiga gandun ma ni na riƙa biya. Daga baya na ga cewa cibiyar na karɓar ɗalibai kai tsaye, a ƙasa da abin da na bayar. Da na tuna buhunan Baba sai da na yi hawaye. Na rubuta wa kamfanin sau uku, amsa ɗaya na samu, ta ban haƙuri.

Abin da ya fi wannan ciwo, ba su tambaye ni ko na iya iyo ba. Mako biyun farko ina cikin kwale-kwale da rigar ceto ina rubuta abin da wasu suka gani a kan duwatsun murjani da ke ƙarƙashin ruwa, har wani ɗan Mzee ya koya mini da yamma-yamma.

Wanda zai je daga Zariya, ya nemi cibiyar da kansa, ya sa a rubuta masa dalla-dalla abin da kuɗinsa ya ƙunsa, ya tanadi katin rigakafin shawara, ya kuma koyi iyo tun daga gida.