Bol ɗin juye da ya cinye mini a Hamburg

'Yan uwa na gida, ina gaisuwa. Yau maganata a kan wani ɗan ƙarfe ne da tsawonsa bai kai ɗan yatsa ba, wato bol ɗin nan na ƙasan inji da ake kwancewa in za a yi juyen baƙin mai.

Wata tsohuwar Golf na saya a nan Hamburg. A Jamus ba ka isa ka tsiyaye mai a bakin titi ba, tara ce mai zafi, shi ya sa masu ƙaramin ƙarfi irina muke zuwa garejin haya, ka biya kuɗin awa, a ba ka injin ɗaga mota da kayan aiki, ka yi abinka da hannunka. Ina shiga ƙarƙashin motar sai na tarar kan bol ɗin ya riga ya suɗe, sufana ba ta kama shi. Da na damƙe shi da filaya, sai ya yi ta juyawa a wuri ɗaya, bai fita ba, bai ɗauru ba, ga mai yana tsattsafowa ta gefe. Wanda ya ɗaure shi a baya ya matse shi har tiredin, wato haƙoran ramin da bol ke murɗawa a ciki, ya cinye.

Mai garejin, wani dattijo marar yawan magana, ya haska fitila ya duba. Kafin ya taɓa komai sai da ya faɗa mini kuɗin hanyoyi biyu: a canza kwanon man gaba ɗaya, ko a yi masa sabon tiredi. Na zaɓi na biyu. Ya ɗauko wata soket mai murɗaɗɗun haƙora a ciki, ya buga ta a kan bol ɗin da 'yar guduma har ta cije. Sannan ya zura bakin sukundireba a ƙarƙashin leɓen bol ɗin yana ɓanɓarowa a hankali, ɗaya hannun yana murzawa. Sai ga shi ya fito, tiredin kwanon a nannaɗe a jikinsa. Kwanon na alminiyom ne, laushinsa kusan na tukunyar dalma, bol ɗin kuwa ƙarfe ne, in an yi ƙarfi-ƙarfi kwanon ne zai sha kashi.

Abin da ya biyo baya shi ya fi tsaya mini a rai. Ya faɗaɗa ramin kaɗan, ya shafa giris a jikin ƙarfen yanka tiredi don ɓarɓashin ya manne a jiki kada ya faɗa cikin inji. Ya yanka, ya fito da shi ya goge, ya sake shafawa. Ya murɗa wani zoben ƙarfe mai suna Helicoil a ciki don ya zama sabon tiredin, ya zuba ɗan sabon mai ta sama ya bar shi ya wanko ramin. Sabon bol, sabuwar washa. Daga nan ya ɗauko sufana mai awon ƙarfin ɗauri, ya saita ta a kan lamba 30 yadda littafin motar ya ce, ya ja har ta yi ƙas, ya tsaya. Ko ɗigo babu.

Wallahi a wurin nan garejinmu na gida ya faɗo mini. Yaro zai zura bututu a hannun sufana, ya dafe taya da ƙafa ya ja iya ƙarfinsa, ya fito yana cewa, “Oga, na ɗaure shi tam.” Washa ɗaya tun daga ranar da mota ta sauka daga Kwatano. Ranar da tiredi ya cinye kuma a naɗa leda, a shafa gam, ko a cusa wani bol da ya fi ramin girma, in abin ya ƙi a kira mai walda. Mota ta yi ta ɗiga a ƙofar gida, ana cewa shan mai take yi, har ranar da bol zai fice a hanyar Zariya inji ya buga. Mu masu motoci ma da namu laifin. Mu ne masu cewa, “Malam, lallaɓa mini shi kawai,” mu tsaya ciniki a kan kuɗin washa.

Ba basira makanikanmu suka rasa ba. Wanda zai ji ƙarar inji da kunne ya faɗa maka ciwonsa, ai ba ƙaramin gwani ba ne. A nan Jamus yaro sai ya yi shekara uku da rabi tsakanin gareji da makaranta kafin a kira shi makanike, kuma duk shekara biyu mota sai ta je gwajin lafiyar mota da ake kira TÜV, inda ɗigar mai za ta iya kayar da ita. Namu wa ya koya musu awo, wa kuma yake dubawa?

Sai dai kuɗin ya ƙona ni. Aikin da bai cika awa ba, aka lissafa lada, da zobe, da bol, da hayar wurin da agogonta bai tsaya ba, aka ɗora harajin kashi 19 cikin 100. Babu ragi, babu “kawo abin da ya sawwaƙa”, babu “sai ƙarshen wata”. Da babban gareji na nufa ma, sai an ba ni rana, in jira makonni, ranar Lahadi kuwa ko'ina a garƙame. Ina tsaye cikin sanyi ba mai ce mini sannu, na yi kewar bencin nan na ƙarƙashin darbejiya, ana shan shayi ana musun ƙwallo, aikinka na tafiya. Tsohon man ma sai da na ɗura a jarka na mayar shagon da na sayi sabo, don doka ta wajabta musu karɓa kyauta, ba a tuttula shi a kwata yadda muke yi.

Irin wannan sufana mai awo ba ta kai kuɗin cika tanki ɗaya ba a nan. Na sayi guda, da kwalin Helicoil da ƙullin washa, na saka cikin kayan da zan aika wa ƙanena da ke koyon aiki a Kano, tare da takardar awon bol na Golf da Corolla da na rubuta masa da Hausa.