Gidan tarihin Hunan: ziyarar da ta cancanci wuni guda ga ɗan kasuwar Maradi

Ƴan kasuwarmu da ke zuwa sari Guwanzu a ƙasar Sin sukan yi kwanaki suna jiran a loda kwantena. A cikin waɗannan kwanaki, jirgin ƙasa mai gudu zai kai mutum birnin Changsha a ƙasa da awa 3, inda gidan tarihin lardin Hunan yake. Shiga kyauta ce, amma sai an kama gurbi tun da wuri, a kuma riƙe fasfo. Ranar Litinin a rufe yake.

Abin da ake zuwa gani shi ne kayan kaburburan Mawangdui da ke Changsha, waɗanda aka haƙa daga 1972 zuwa 1974, da gawar Xin Zhui, matar wani babban basarake a zamanin daular Han. Ta rasu sama da shekara 2,100 da suka wuce, amma an same ta fatarta da laushi, gaɓoɓinta suna lanƙwasuwa. Likitocin da suka duba ta sun tarar da ƙwayoyi 138 na wani ɗan itace dangin kankana a cikinta, da alamun ciwon zuciya.

Inda gidan ya fi burgewa shi ne yadda ya nuna ginin kabarin. Ba a farke cikinta ba, ba a shanya ta ba kamar yadda Misirawa suke yi. An naɗe ta da tufafi da mayafai ninki 20, aka sa ta cikin akwatuna 4, wani cikin wani, kowanne an shafe shi da ƙaron itace mai hana ruwa shiga. Akwatunan suna cikin ɗakin katako, an kewaye ɗakin da gawayi kimanin tan 5 don ya tsotse danshi, aka liƙe da farin yumɓu mai kaurin kusan mita guda, sannan aka daɓe ƙasa a kai. Ɗan abin da ya fara ruɓewa ya cinye iskar da ta rage, sabuwa ba ta shiga ba, sai ruɓewar ta tsaya. Duk wanda ya taɓa ajiye wake a buhun PICS mai ninki uku ya san wannan: muddin ba huji, ƙwaro ba ya rayuwa. Hujjar tana nan kusa, domin kaburburan mijinta da ɗansu ba su liƙu haka ba, kuma gawarwakinsu sun ruɓe. An kuma sami ruwa kimanin lita 80 a akwatin ciki, wanda har yau masana suna jayayya kan asalinsa.

Kada a wuce rigar alharini mai nauyin giram 49 ba a tsaya ba. Mai sayar da yadi zai daɗe a wurin.

Gawar kanta tana can ƙasa, ana leƙa ta daga sama ta gilashi, kuma a ƙarshen mako da lokacin hutu cunkoso ba ya barin mutum ya tsaya. A je da safe tsakiyar mako. Ga Musulmi da ya saba da likkafani da gaggauta kai mamaci makwancinsa, ganin gawa a buɗe abu ne mai nauyi. Tana ƙarshen zagayen, don haka wanda zuciyarsa ba ta kwanta ba zai iya kallon sauran kayan ya wuce ba tare da ya leƙa ba.