FireWire ko 'yar na'urar USB: wace hanya za ta kwashe bidiyon kaset ɗin Handycam zuwa kwamfuta?

Ɗan'uwa, na ga tambayarka. Ka ce kana da Handycam ta Sony mai cin ƙaramin kaset na MiniDV, a kaset ɗin akwai bikin yayarku da walimar saukar ƙannenka da marigayi mahaifinku ya ɗauka, Allah ya jiƙansa. Ka jona ta da laftof ɗinka mai Windows 10 da kebul na USB, kyamara ta kama, kaset yana juyawa, amma kwamfuta ko gezau. Wani mai shago a kasuwar Taminus ta Jos ya ce ka sayi 'yar na'urar USB mai bakuna rawaya da ja da fari, wani kuma ya ce sai FireWire. Wanne za ka bi?

Da farko ka kwantar da hankalinka, da wuya a ce kyamarar ce ta lalace. A yawancin kyamarorin wancan zamanin, ramin USB na kwashe hotunan da ke kan katin Memory Stick ne kawai. Wasu suna iya tura bidiyo ta nan, amma ɗan ƙarami mai dishi-dishi, kuma direbansa, wato manhajar da ke sa kwamfuta ta gane kyamarar, na zamanin Windows XP ne, sabuwar Windows ba ta karɓarsa. Bidiyon kaset yana da ƙofarsa daban. Ka ɗaga 'yar robar da ke gefen kyamarar, za ka ga wani ɗan rami mai loɓawa a gefe ɗaya, an rubuta DV ko an sa alamar harafin i. Sony na kiransa i.LINK, Apple na kiransa FireWire, a Windows kuma za ka gan shi da sunan IEEE 1394. Duk abu ɗaya ne.

Kafin mu yi nisa, akwai kebul ɗin da ake sayarwa mai kan USB a gefe ɗaya, kan FireWire a ɗaya gefen. Don Allah kada ka saya. Yadda USB ke tura bayanai daban, yadda FireWire ke turawa daban, kuma zallar kebul ba zai haɗa su ba. Kuɗinka zai tafi, wataƙila ma ya ƙona maka ramin kyamarar.

Abin da ya sa nake fifita FireWire shi ne, MiniDV, wanda ya fito a 1995, ko da yake kaset ne, abin da ke kansa na dijital ne tun asali. FireWire kwafe shi kawai yake yi yadda yake, ba ragi ba ƙari. Idan kyamarar ta tsarin PAL ce, wato tsarin hoton talabijin irin wanda muke amfani da shi a Najeriya, za ka samu hoto mai girman 720 da 576, firem 25 a daƙiƙa, sauti yana tafiya daidai da baki. Har ranar da aka ɗauka da lokacin suna biyo bidiyon, abin da ba ƙaramin amfani zai yi maka ba tunda mai ɗaukar ba ya nan balle ka tambaye shi. Daga kwamfutar ma kana iya danna kunnawa da mayarwa baya, kyamara ta bi umarni.

Wahalarsa ita ce samun kwamfutar da ke da ramin, don sababbin laftof sun daina zuwa da shi. Idan akwai kwamfutar tebur, sai a sa mata katin FireWire na PCIe, kuma ka nemi mai ɗauke da cif na Texas Instruments, shi ne ya fi shiri da kyamarori. Tsofaffin laftof na ofis irin wasu Dell Latitude da HP EliteBook da ThinkPad suna da ƙaramin ramin mai fil 4, wasu kuma suna da wurin zura ExpressCard, wato ƙaramin katin da zai ƙara wa laftof ramin FireWire. MacBook Pro na 2012 mai cin faifan CD yana da FireWire 800 mai fil 9, da kebul mai 9 zuwa 4 da manhajar iMovie an gama magana.

Idan ka samu ramin, yadda za ka jona yana da muhimmanci ƙwarai. Babban kan nan mai fil 6 yana ɗauke da wuta, kuma idan aka cusa shi a karkace ko aka jona komai na kunne, yana iya kashe ramin kyamarar, kashewar da gyaranta sai an sha wuya. Saboda haka ka kashe kwamfuta, ka kashe kyamara, ka jona kebul a hankali, ka kunna kwamfuta ta gama tashi, sannan ka murɗa kyamara zuwa PLAY ko VCR. Idan ka bar ta a CAMERA, abin da ke gaban gilashinta za ta nuna, ba kaset ba. Ka sa ta a caja, kada ka dogara da tsohon batir.

In har yanzu shiru, ka buɗe Device Manager, inda Windows ke jera na'urorin da ke haɗe da kwamfutar. Idan babu layin IEEE 1394 kwata-kwata, katin ne bai zauna ba, ba ruwan kyamara. Idan yana nan amma kyamarar ba ta fito ba, ka sauya kebul tukuna, sannan ka sa tsohon direban da Microsoft ta fitar mai suna Legacy, yana warware matsalar sau da yawa. Akwai kuma wani abu da ke ɓata wa mutane rana a banza: a saitin sirri na Windows 10 da 11, idan an hana manhajoji taɓa kyamara, za ka ga sunanta amma allo baƙi ƙirin. Ka buɗe izinin. Don kwashewa, 'yar manhajar WinDV kyauta ce kuma ta isa.

Ita kuwa 'yar na'urar USB, irin su EasyCap, aikinta daban ne. Kyamara za ta mayar da bidiyon irin siginar da ake tura wa tsohuwar talabijin, na'urar ta sake mayar da shi dijital. A wannan kai-komon hoto yana rasa kaifi, launi yana ɗan zuba, kwanan wata ba ya biyowa, kuma a doguwar ɗauka sauti kan zame ya bar baki. Kwamfuta ba za ta taɓa ganin kyamarar ba, na'urar kaɗai take gani, don haka da hannunka za ka danna PLAY, ka naɗa da manhaja irin OBS Studio. Idan hoton ya fito fari da baƙi ko yana birgima, ka duba saitin PAL da NTSC, domin kyamarorin gwanjo da suka zo daga Amurka NTSC ne. Idan kyamararka na da ramin S-Video, ya fi bakin rawaya tsabta. Jabu kuma sun yi yawa, kwali iri ɗaya amma kayan ciki daban, sai ka gwada a shagon kafin ka biya.

Ban ce ba ta da rana ba. Tana da arha, tana shiga kowace laftof, kuma idan ramin DV ya riga ya ƙone, ko kaset ɗin VHS ne, tana iya fitar da kai.

Duk hanyar da ka bi, kaset na awa ɗaya awa ɗaya zai ci, ba a gaggauta shi, don haka ka tanadi wutar da ba za ta ɗauke a tsakiya ba. Ta FireWire awa ɗaya na cin kusan gigabait 13, kuma filash mai tsarin FAT32 ba ya ɗaukar fayil da ya wuce gigabait 4, sai NTFS ko exFAT. Kafin ka zura kowane kaset, ka duba ƙashin bayansa, akwai wani ɗan maɓalli da ake turawa da farce tsakanin REC da SAVE. Ka tura shi SAVE, kada yatsa ya kuskure ya goge muryar Baba. Ƙurar hunturu ma tana toshe kan da ke karanta kaset, sai hoto ya riƙa fashewa murabba'i-murabba'i, Sony ta nuna C:22, a nan kaset ɗin goge kai ake sawa na 'yan daƙiƙu. Idan kuma ka fito da ita daga ɗaki mai sanyi da sassafen Jos zuwa wuri mai ɗumi ta nuna C:21, raɓa ce ta kama ta, ka cire kaset ka bar murfin a buɗe kamar awa ɗaya.

Shawarata, tunda kaset ɗin nan ba su da na biyu, ka bi FireWire, kuma ba sai ka sayi kwamfuta ba. Garin da ke da Hukumar Fina-finai ta Najeriya da makarantarta ta koyon fim da kwalejin talabijin ta NTA ba zai rasa editocin da suka yi aiki da DV ba, wasunsu har yau tsohuwar kwamfutar na ajiye a situdiyo. Ka je da kyamararka da cajarta da faifan ajiyarka, ka zauna a yi a gabanka, ka ce fayil ɗin DV na asali kake so, ba wanda aka matse don WhatsApp ba. Ka ajiye kwafi biyu a wurare daban-daban.

Ka turo min lambar samfurin da ke ƙasan kyamarar, mai farawa da DCR, da hoton ramukan gefen laftof ɗinka, in faɗa maka irin kebul ɗin da za ka nema.