Muhawarar Miami: 'yan takara goma a dandali, kowa minti guda

Aikina kula da tsofaffi ne a gidajensu a Bronx, cikin birnin New York, kuma zaɓen 2020 shi ne na farko da na cancanci jefa ƙuri'a bayan na zama 'yar ƙasa. Shi ya sa daren 26 da na 27 ga Yuni 2019 na roƙi abokiyar aikina ta riƙe mini aikin yamma. Muna idar da sallar magariba ni da 'yata muka zauna gaban talabijin, ƙarfe tara daidai tashar NBC ta fara watso muhawarar farko ta masu neman tikitin takarar shugaban ƙasa na jam'iyyar Dimokurat daga Miami. Tambaya ɗaya na zo da ita, ta inshorar lafiya. Tawa tana rataye ne da yawan awannin da na yi a wata. Idan tsohuwar da nake kula da ita ta kwanta asibiti, awannina su ragu, ni ma sai in kwana da fargaba.

Bari in fara da abin da na yaba. Kallon kyauta ne, kuma Telemundo ta watsa shi da Sifaniyanci, maƙwabtana da yawa a can suka bi shi. Sannan ba a yi irin abin da Fox News ta yi wa 'yan Rifablikan a Agusta 2015 ba, inda aka ware manya goma a shirin dare, aka tura bakwai shirin yamma kamar yaran da aka zuba wa abinci a tsakar gida. Nan ƙuri'a aka jefa aka raba mutum ashirin gida biyu. Sai dai ƙuri'ar ta bar Elizabeth Warren ita kaɗai cikin na gaba-gaba a daren farko, ta tara Joe Biden da Bernie Sanders da Kamala Harris da Pete Buttigieg a na biyu. Ni kuwa Warren da Biden nake so in ji suna amsa wa juna, ban samu ba.

Dokar shirin ita ce minti ɗaya na amsa, daƙiƙa talatin na ƙarin bayani. Minti ɗaya ko gaisuwa ba ya isar mu a waya da 'yan gida. A cikinsa ake so mutum ya bayyana yadda zai sauya tsarin lafiyar ƙasa mai mutum fiye da miliyan 300. To, me ya rage masa? Kowa ya haddato jimla daga gida, ko me aka tambaye shi sai ya karkato ya sauke ta.

Abin da ya fi ƙona mini rai shi ne ɗaga hannu. Lester Holt, ɗaya daga cikin masu gabatarwa, ya ce duk wanda zai soke inshorar kamfanoni ya maye gurbinta da ta gwamnati ya ɗaga hannu. Daren farko Warren da Bill de Blasio suka ɗaga, dare na biyu Sanders da Harris. Na matso gefen kujera ina jira a ce musu: wadda ke da inshora ta wurin aiki yau, ranar da aka soke ina za ta nufa, likitanta zai karɓi sabon katin, nawa za a cire a albashinta? An ɗan taɓa, aka wuce. Washegari da safe Harris ta ce ba haka ta fahimci tambayar ba, ta ɗauka inshorar kanta ake nufi. 'Yata ta nuna mini labarin a waya ina ɗaura ɗankwali zan fita aiki. Ta ce, “Mama, kin ga hannun jiya ya sauka.” Ban iya ce mata komai ba, don da hannun nan na kwana ina lissafi.

Rabon lokaci ma bai yi adalci ba. An jera su bisa ƙarfinsu a ƙuri'ar jin ra'ayi, manya a tsakiya, ƙanana a gefe, tambayoyi kuma tsakiya suka fi nufa. Biden ya yi magana kusan minti goma sha uku, Andrew Yang bai wuce uku ba, cikin shirin awa biyu. Daga baya Yang ya ce an kashe masa makirfo, NBC ta musanta. Ko a wane ɓangare gaskiya take, mai kallo ya ga abu ɗaya: wanda ya jira a kira shi ya tashi hannu rabbana, wanda ya yi kutse ya samu. De Blasio, magajin garinmu a lokacin, can ƙarshen layi aka ajiye shi, amma da katse mutane ya ƙwaci rabonsa. Masu gabatarwa har biyar ne, duk da haka a dare na biyu sai da hayaniya ta kai Harris ce ta tsawatar, ta ce Amurkawa ba faɗa da abinci suka zo kallo ba. An yi mata tafi, amma aikin alƙalan ne ta yi musu.

Akwai kuma ƙofar shiga. Ko ka sami kashi ɗaya cikin ɗari a ƙuri'un jin ra'ayi uku, ko mutum 65,000 su ba ka gudummawa, da aƙalla 200 a kowace cikin jihohi 20. Sai Facebook ya cika da roƙon dala ɗaya. Da wannan ma'auni Steve Bullock, gwamnan Montana, wanda ya ci zaɓe a 2016 a jihar da Trump ya lashe, bai hau dandalin ba. Ya makara shiga takara ne saboda yana fama da majalisar jiharsa kan tsawaita shirin Medicaid, inshorar lafiya ta marasa ƙarfi. Wato mutumin da ya fito daga cikin maganar da ta zaunar da ni, shi aka bari a waje.

Da ni aka tambaya, da an yi dare huɗu, mutum biyar-biyar, kowane dare batu ɗaya ko biyu, a sa agogon kowa a fuskar talabijin, makirfo ya mutu idan ba layinka ba ne. Maimakon haka a Oktoba, a Ohio, mutum goma sha biyu aka jera a dare guda.

Amsar tambayata a shafukan 'yan takarar muka nemo ta, 'yata tana karantawa tana fassara mini dare bayan dare. Zaɓen fid da gwani na New York ya zo ranar 23 ga Yuni 2020, bayan an ɗage shi saboda korona. Sunaye da dama na nan a takardar da na cike, amma a cikin ashirin ɗin Miami Biden kaɗai ya rage a takara.