Lincolnshire ko Devon: wace ce ta biyu a faɗin ƙasa?

Ɗan uwa, ka tambaya cewa a tsofaffin gundumomin Ingila 39, wace ce ke bin Yorkshire a faɗi, domin ka ga wani jadawali ya sa Lincolnshire, wani kuma ya sa Devon. Amsar ita ce Lincolnshire, amma da ƙyar ta sha.

Ta ɗaya kam babu gardama. Yorkshire ta kai kusan eka miliyan 3.9, wato murabba'in mil 6,000 da 'yan kai. Yankinta na yamma kaɗai, West Riding, ya fi Lincolnshire gaba ɗayanta. Rutland, autar gundumomin, ko eka 100,000 ba ta cika ba.

Lincolnshire tana da eka kusan miliyan 1.7, Devon kuma wajen miliyan 1.66. In ka raba da 640, wato yawan ekar da ke cikin murabba'in mil ɗaya, ka ga dukkansu suna zagayen 2,600. Tazarar ƙarama ce, shi ya sa abu kaɗan ke motsa alƙaluma. Gaɓar Lincolnshire wajen mashigin Wash taɓo ne shimfiɗaɗɗe, ruwa ya rufe shi ya janye sau biyu a rana, an kuma daɗe ana datse teku ana mai da wurin gona. Mai ƙirga taɓon da wanda bai ƙirga ba, lissafinsu ba zai zo ɗaya ba. Ita Devon sauyinta ɗan kaɗan ne: a 1844 ta ba maƙwabciyarta, gundumar Dorset, ƙauyen Thorncombe, ta karɓi ƙauyukan Stockland da Dalwood.

Babban tushen saɓanin shi ne garambawul ɗin ƙananan hukumomin Ingila na 1974. A lokacin aka yanke arewacin Lincolnshire, har da Grimsby da Scunthorpe, aka haɗa da sabuwar gundumar Humberside. Nan take Devon ta wuce ta. An rushe Humberside a 1996, amma garuruwan ba su koma ƙarƙashin majalisar Lincolnshire ba, majalisun kansu aka ba su. Jadawalin da ya ɗora Devon a sama, yankin majalisa yake aunawa, ba tsohuwar iyaka ba.

Don haka kafin ka kwafi wani adadi, duba shekarar da aka auna. In na ƙarni na 19 ne, tabbatar ko kafin 1844 ne ko bayanta, kuma kada ka gauraya shi da na bayan 1974 a layi ɗaya.