Zaɓen manhajar tafiyar da aiki ga ƙaramin gidan yaɗa labaran Hausa a Saudiyya

Duk wanda ke riƙe da ƙaramin kamfanin yaɗa labaran Hausa a Jidda, Makka ko Madina ya san cewa ma'aikatansa ba su cika zama a ɗaki guda ba. A wurinmu edita yana Jidda, mai ɗauko rahoto yana Makka, mai tace bidiyo yana Kano, mai fassara tana Yamai, sannan akwai wakilin da ke aiko mana da labarin Hausawan Sudan daga Kasala. Idan ƙarfe 9 ta yi a Jidda, ƙarfe 8 ce a Kasala, ƙarfe 7 kuma a Kano da Yamai. Tun shekarar 2013 hutun mako a Saudiyya ya koma Juma'a da Asabar, alhali a Najeriya da Nijar Asabar da Lahadi ne, don haka ranakun da kowa ke bakin aiki a lokaci guda huɗu ne kacal, daga Litinin zuwa Alhamis. Wannan ne ya sa zaɓen manhajar da za ta riƙe aikin ya cancanci a zauna a yi masa nazari kafin a fitar da ko riyal ɗaya.

Mun daɗe muna aiki da zauren WhatsApp kaɗai, kuma ban raina shi ba, domin babu manhajar da ta kai shi sauƙi a hannun mutanenmu. Ranar wata Arfa ce ta nuna mana iyakarsa. An gyara sunan wani malami da aka rubuta ba daidai ba a ƙasan bidiyo, aka turo gyararren, sai saƙonnin murya da hotunan alhazai suka binne shi cikin 'yan mintoci, wanda ke ɗorawa a shafi kuma ya ɗauki tsohon ya wallafa. Babu wanda ya yi sakaci a cikinmu. Zauren ne ba shi da wurin da zai nuna wane ne na ƙarshe, wa ya duba, wa ya amince.

Tun daga lokacin ma'aunin da nake auna kowace manhaja da shi guda ne: shin wakilin da ke tsaye a Mina ranar 10 ga Zulhajji, da waya a hannu ɗaya, cikin cunkoson da ke sa sabis ya riƙa ɗaukewa, zai iya buɗe ta ya ga aikinsa ya kuma sanar cewa ya gama? Manhajar da ta yi kyau a kwamfutar edita a ofis mai sanyi amma ta gagari wannan wakili, ba ta dace da mu ba, komai yawan abubuwan da aka cusa mata.

A kan wannan ma'auni Trello ce ta fi kwanta mini a rai ga tawagar da ba ta wuce mutum goma ba. An fito da ita a 2011, kamfanin Atlassian ya saye ta a 2017, kuma tsarinta bai wuce allo da katuna ba. Ana jera ginshiƙai, misali shawarar labari, ana ɗaukowa, wurin edita, wurin tacewa, an wallafa, sai kowane labari ya zama kati guda da ake ja daga wannan ginshiƙi zuwa na gaba. A kan katin ake rubuta sunan mai aikin da wa'adinsa, a nan ake gyara, a nan ake amincewa. Mutumin da bai taɓa amfani da irin wannan manhaja ba yana gane ta a zama ɗaya, kuma ta waya tana karɓar abin da aka rubuta ko da sabis ya yanke, ta aika idan ya dawo. Wannan ba ƙaramin abu ba ne ga wakilinmu na Sudan, ƙasar da yaƙi ya ɓarke a Afrilun 2023, kuma layukan sadarwa suka katse a yawancin sassanta a Fabrairun 2024. Tsarin Trello na kyauta yana ba da allo 10, kowane fayil kuma ba zai wuce megabait 10 ba. Rauninta yana bayyana ne idan katuna suka yi yawa, domin edita ba zai ga nauyin da ke kan kowane ma'aikaci a kallo ɗaya ba sai ya biya kuɗin tsarin da ya fi girma.

Asana, wadda Dustin Moskovitz, ɗaya daga cikin waɗanda suka kafa Facebook, ya kafa tare da Justin Rosenstein a 2008, ta fi ƙarfi a inda aiki ɗaya ke jiran wani. Shirin Ramadan na kullum misali ne mai kyau: ba za a tace ba sai an ɗauka, ba za a sa fassara ba sai an tace, ba za a wallafa ba sai malami ya duba ayoyi da hadisan da aka kawo. Asana tana ɗaure waɗannan matakai da juna, ta yadda kowa zai ga abin da ya tsayar da nasa aikin. Sai dai wannan ɗauri da jadawalin lokaci suna cikin tsarin da ake biya, kuma tana buƙatar mutum guda da zai ɗauki nauyin tsara ta, in ba haka ba ta cika da ayyukan da babu mai rufe su. Ga kamfanin da ke da shirye-shirye uku ko huɗu masu tafiya a lokaci guda, kuɗinta ba asara ba ne.

Kamfanin da ya riga ya biya kuɗin Microsoft 365 ya fara duba Planner, manhajar tsara aiki da ke cikin Teams (manhajar hira da taro ta Microsoft), kafin ya nemi wata, domin tana nan a hannunsa, kuma manhajojin Microsoft suna buɗewa da Larabci, abin da ke da amfani idan akwai abokan aiki 'yan ƙasa ko Hausawan da aka haifa a nan waɗanda karatun Larabci ya fi musu sauƙi. Notion kuwa na fi ganinta a matsayin ma'ajiya, wurin ajiye ƙa'idojin rubutun gida, jerin kalmomin da aka amince da fassararsu da tarihin shirye-shiryen da aka yi. A tsarinta na kyauta fayil ba ya wuce megabait 5. ClickUp da monday.com suna da abubuwa da yawa ƙwarai, fiye da buƙatar ƙaramar tawaga a ganina, kuma lokacin da za a kashe wajen koyonsu ya fi amfanin da za a samu a watannin farko.

Akwai kuskuren da nake son a guje masa, wato tsammanin manhajar tafiyar da aiki za ta ɗauki bidiyo. Ba a gina ta don haka ba. Ɗanyen bidiyo ya zauna a Google Drive ko OneDrive, a liƙa adireshinsa kawai a kan katin. Idan gyaran bidiyo ne babban aikin gidan, Frame.io, wadda Adobe ya saya a 2021, tana ba edita damar ajiye sharhi a kan daƙiƙar da kuskuren yake, sai mai tacewa a Kano ya gani a daidai wurin, ba sai an yi ta kwatance da saƙon murya ba. Haka ma hira: Slack, manhajar hirar ma'aikata, a tsarinsa na kyauta yana ɓoye saƙonnin da suka wuce kwana 90, don haka bai kamata ya zama wurin ajiye shawarar da aka yanke ba. Mu dai mun bar WhatsApp ga gaisuwa da kiran gaggawa, da sharaɗin cewa abin da ba a rubuta a kati ba, ba a ba da shi aiki ba.

Kafin a biya, a gwada abin da masu tallar manhaja ba za su ambata ba. A buɗe kati a rubuta masa take mai ɗauke da ƙ, ɗ da ɓ, sannan a neme shi da k, d da b, domin wasu ma'aikatan wayoyinsu ba su da haruffa masu lanƙwasa, kuma idan binciken bai haɗa "ƙasa" da "kasa" ba, dole gidan ya tsayar da ƙa'ida guda ta rubuta taken kati. A gauraya Hausa da Larabci a layi ɗaya a ga ko rubutun zai hargitse. A sa wa'adi ƙarfe 4 a Jidda, a tambayi na Kano ƙarfe nawa ya gani. Wakilin Sudan kuma ya buɗe asusunsa da kansa daga inda yake, a wayar da yake aiki da ita.

Lissafin kuɗi a kan kowane mutum ake yin sa, kuma da dala. Idan aka ɗauka kujera guda, wato gurbin mutum ɗaya a manhajar, dala 10 ce a wata, mutum 12 za su ci dala 1,440 a shekara, wato riyal 5,400 a kan canjin 3.75, idan kuma harajin kashi 15 cikin ɗari ya hau kai, ya zama riyal 6,210. A tambaya tun farko ko masu aikin wucin gadi da ake ɗauka lokacin Hajji za su shiga a matsayin baƙi ko sai an saya musu kujera, domin a nan ne kuɗin ke ninkuwa ba tare da an lura ba.

Sai batun doka, wanda ba na so a ɗauke shi da wasa. Dokar kare bayanan mutane ta Saudiyya ta fara aiki a Satumban 2023, SDAIA, hukumar bayanai da ƙirƙirarriyar basira ta ƙasar, ce ke kula da ita, kuma dokar ta tanadi sharuɗɗa kan fitar da bayanan mutane zuwa wajen ƙasa. Hoton fasfo, iƙama ko lambar wayar wanda ya ba da labari a asirce ba abin liƙawa a allon da mutum goma ke buɗewa ba ne, musamman idan wasunsu aikin mako biyu kawai suka zo yi. A ware mutum ɗaya da zai cire su daga allon ranar da aikinsu ya ƙare.

Lokacin da ya fi dacewa a fara gwajin shi ne Rajab ko farkon Sha'aban, da shiri guda ɗaya na gaske, na tsawon mako uku, domin kafin azumi ya kama hannun kowa ya faɗa, kafin Zulƙida kuma an san ko za a ƙara kujeru.